Filin Gyaran Turanci: Ina Ake Sa "In Other Words"?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni 'yar aji shida ce a sakandare, bana zan zauna jarrabawar WAEC. Malaminmu ya ja jan biro a ƙarƙashin wannan jimla tawa: "My father is a farmer, in order words he also sells fertilizer." Alamar tambaya kawai ya sa, bai yi bayani ba. Ina kuskuren yake?
Ɗalibarku daga Funtuwa

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Kuskure uku ne a cikin jimlar, kuma na ƙarshen ya fi sauran nauyi.

Na farko rubutu ne. "In other words" ake rubutawa, ba "in order words" ba. Kunne ne yake jawo wannan. Sautin "th" na cikin "other" babu shi a Hausa, shi ya sa Bahaushe kan mai da shi "z", da yawa daga mutanen kudu kuma su mai da shi "d". In kin saba jin ana cewa "oda", ga kuma "in order to" wanda yake daidai kuma kina yawan ganinsa, sai hannu ya zarce. Ki kuma riƙe cewa "words" ɗin kullum da "s" yake. Babu "in other word", babu "in another words".

Na biyu alamar rubutu. Kin haɗa cikakkun jimloli biyu da waƙafi, wanda Turanci bai yarda da shi ba. Aya za ki sa, ki fara "In" da babban baƙi, ki biyo "words" da waƙafi. Waƙafi mai ruwa (;) ma yana yi a madadin ayar. Kada ki raina wannan: a insha'in WAEC an ware maki 10 cikin 50 don ƙa'idojin rubutu, kuma kowane kuskure rabin maki yake ci. Kuskure 20 ya cinye kason gaba ɗaya, a rubutun da ake son ya kai kalma 450.

Na uku shi ne ainihin matsalar. Duk wanda ya rubuta "in other words" ya yi wa mai karatu alkawari cewa maganar da ta wuce zai maimaita, amma a sauƙaƙe. Noma daban, sayar da taki daban. Ƙari kika yi, ba fayyacewa ba, don haka abin da kike bukata shi ne: "My father is a farmer. He also sells fertilizer." Mun lura ɗalibai na faɗawa wannan rami ne saboda "wato" tamu tana da faɗi. Da ita muke fassara magana, da ita muke jero abubuwa, wani lokacin ma numfashi kawai muke ja da ita kafin mu ci gaba. "In other words" ba ta da wannan faɗin.

Ga inda ta zauna daidai: "The bank has declined my application. In other words, I will not get the loan." Jimlar farko yaren banki ce, ta biyu ta kowa da kowa. Kafin ki sa ta, ki gwada abu biyu. Ki rufe jimlar farko da yatsa, ki ga ko ta biyu ita kaɗai ta isar da saƙon. Sannan ki duba wacce ta fi sauƙi. In ta biyun ta fi tsawo ko ta fi wuya, kin juya abin, sai ki musanya su ko ki goge ɗaya. A ganinmu sau ɗaya ya isa a insha'i guda, domin mai yawan sake bayani yana nuna bai iya faɗa daidai tun farko ba.

Akwai kuma amfanin da za ta yi miki a sashen taƙaitawa. In kin ci karo da ita a cikin nassin da aka ba ku, ki san abin da ya biyo baya maimaici ne. Kada ki ƙirga shi a matsayin sabon batu, amma ki karanta shi da kyau, don sau da yawa a nan marubucin ya faɗi manufarsa ƙarara.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni nake buga sanarwa a ofishinmu. Shin "i.e." da "e.g." ba abu ɗaya ba ne? Ina ganin ana sa duk wanda aka ga dama.
Mai karatu daga Azare

Amsa: Barka kadai, Malam. Ba ɗaya ba ne, kuma a sanarwa bambancin yana iya sa mutum ya yi tafiyar banza. Dukansu daga Latin suke: "i.e." gajarcen "id est" ne, wato "shi ne", "e.g." kuma na "exempli gratia", wato "alal misali".

Dubi wannan: "Come with a means of identification, i.e. your NIN slip." Ka ce takardar NIN kaɗai za a karɓa. Wanda ya zo da katin zaɓe ko lasin tuƙi sai ya koma gida. In ka sa "e.g." a wurin, misali kawai ka ba da, duk wata shaida ta yi. Saboda haka kafin ka buga, ka tambayi wanda ya ba ka aikin wanne yake nufi.

Kada ka rufe jerin da ya fara da "e.g." da "etc.", don "e.g." ɗin kanta ta riga ta nuna akwai saura. Amurkawa kan sa waƙafi bayan "i.e." da "e.g.", Turawan Ingila galibi ba sa sawa. Ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kai har ƙarshen takarda. A wasiƙar hukuma ya fi kyau ka rubuta su a cike, "that is" da "for example". In kuwa ka ambaci adadi za ka jero sunaye duka, "namely" ce ta dace: "Two states were created in 1987, namely Katsina and Akwa Ibom."

Tambaya: Malam, ina da intabiyu ta neman aiki. In na yi bayani ba a gane ba, me zan ce kafin in sake?
Ƙaninku daga Gusau

Amsa: Allah Ya ba da sa'a. Ka ce "Let me put it another way" ko "What I mean is", sannan ka kawo sababbin kalmomi da misali guda. Maimaita kalmomin farko da ɗaga murya ba ya warware komai. In tuntuɓen baki ka yi, kamar ka faɗi shekarar da ba ita ba, "or rather" ko "sorry, I mean" ya wadatar: "I graduated in 2021, or rather 2022."

Ka bar "as in" a majalisar abokai. Ka guji "as I said before", don tana nuna kamar mai tambayar ne bai saurara ba. Haka kuma kada ka mayar masa da tambayarsa da "In other words, you want", domin a fuskar babba tana iya fitowa kamar ƙalubale. In kai ne ba ka gane ba, ka ce "If I understand you correctly", ka faɗi abin da ka fahimta a jimla ɗaya, ka jira ya tabbatar kafin ka amsa.