Amsa: A wane zamani labaran Jeeves da Bertie Wooster ke faruwa?

Malam, ka tambaya a wace shekara labaran barkwancin marubucin Ingila P. G. Wodehouse, na matashin attajiri Bertie Wooster da hadiminsa Jeeves, ke gudana, tunda ba ka ji ɗuriyar yaƙin duniya a cikinsu ba. Ba su da takamaimiyar shekara. Galibi Ingila ce ta tsakanin yaƙe-yaƙen duniya biyu, daga 1918 zuwa 1939, amma marubucin ya tsayar da agogo da gangan. Bertie ya fara fitowa a 1915, littafin ƙarshe kuma ya fito a 1974, har lokacin yana nan saurayi, yana gudun aure yana tsoron gwaggonsa Agatha.

Sai dai kada ka ɗauka babu tarihi a ciki. Na taɓa bin littattafan da fensir ina rubuta shekaru a gefen shafi, abin da na gani shi ne tarihi na shigowa ne idan za a iya yi masa dariya. Duba littafin The Code of the Woosters na 1938. Akwai Roderick Spode, ƙaton mutum mai burin mulkin kama-karya, wanda mabiyansa ke sanya baƙin gajeren wando saboda wasu sun riga su ɗaukar baƙar riga. Oswald Mosley ake yi wa shaguɓe, wanda ya kafa ƙungiyar 'yan fasist (masu aƙidar mulkin kama-karya) ta Birtaniya a 1932, magoya bayansa na yawo da baƙaƙen riguna. Da na gane haka na koma shafin da Bertie ya tsaya gaban Spode ya wanke shi tas, na ji nauyinsa ya bambanta, domin shekara ɗaya kacal ta rage a fara yaƙi.