Wace addu'a ce ta inganta a lokacin shan ruwa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Tun muna yara aka koya mana mu ce "Allahumma laka sumtu, wa bika amantu, wa ala rizƙika afɗartu" idan za mu buɗe baki, amma 'yata ta dawo daga Islamiyya tana cewa wannan addu'ar ba ta inganta ba. Ina gaskiyar take, kuma yaushe ake karanta wadda ta inganta? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. 'Yarki tana da hujja. Abu Dawuda ya kawo "Allahumma laka sumtu wa ala rizƙika afɗartu" ta hanyar Mu'azu bin Zuhra, wanda tabi'i ne da bai riski Annabi (SAW) ba, don haka isnadin, wato jerin waɗanda suka ruwaito hadisin, ya yanke, kuma Shaihu Albani ya raunana shi. Ƙarin "wa bika amantu" kuwa ba ya cikin wannan ruwayar ma. Ma'anarta kyakkyawa ce, wanda ya faɗe ta bai yi zunubi ba, sai dai kada ya ɗauke ta a matsayin sunnar da ta tabbata.

Wadda ta fi ƙarfi ita ce ta Abdullahi bin Umar, ita ma a Sunan na Abu Dawuda, wadda malamin hadisi Daraƙuɗni ya ce isnadinta hasan ne, wato mai kyau abin karɓa: "Zahabaz zama'u, wabtallatil uruƙu, wa sabatal ajru in sha Allah", ma'ana ƙishirwa ta tafi, jijiyoyi sun jiƙe, lada ya tabbata idan Allah ya so. Da yawa daga cikin malamai sun rinjayar da cewa bayan an kurɓi ruwa ake faɗinta, kuma ni ma nan na karkata, domin mutumin da maƙogwaronsa yake bushe, kofin kunu yana hannunsa bai kai baki ba, ba zai ce ƙishirwarsa ta tafi ba.

Saboda haka, da zarar rana ta faɗi, ki yi bismilla, ki ci ɗanyen dabino idan akwai, in babu busasshe, in babu ki kurɓi ruwa, kamar yadda Anas bin Malik ya ruwaito, sannan ki karanta addu'ar ta Abdullahi bin Umar. Sauran buƙatunki ki roƙe su gab da magariba, tunda Tirmizi ya ruwaito cewa ba a mayar da addu'ar mai azumi har ya buɗe baki, amma kada doguwar addu'a ta sa ki jinkirta shan ruwa bayan ladan ya kira salla, domin gaggauta shi ya tabbata a Bukhari da Muslim.