Takardar kwangila ba ta mayar da ma'aikaci ɗan kwangila

Wani ɗan kasuwa mai kamfanin kai saƙo ya aiko da wannan tambaya: "Ina da masu babura da ke yi mini aiki kullum. Baburan nawa ne, ni ke ba su yunifom, ni ke tsayar da lokacin fitowa da kuɗin kowane saƙo. An ba ni shawarar in sa su rattaba hannu a takardar da ke cewa su 'yan kwangila ne masu zaman kansu, don in huta da biyan fansho da inshora da kuɗin hutu. Shin takardar za ta kare ni idan wani ya kai ƙara?"

Alhaji, yadda ka bayyana aikin nan, takardar ba za ta kare ka ba, kuma ina roƙon ka da kada ka sa kowa ya sa mata hannu tukuna. Alƙalan da ke duba irin wannan ƙara sun fi damuwa da yadda aiki ke gudana a zahiri fiye da sunan da aka laƙaba masa. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ma haka ta ce a shawararta mai lamba 198 ta shekarar 2006: abin da ke faruwa a wurin aiki shi ne abin dubawa, ko da yarjejeniya ta faɗi akasin haka.

Kamfanonin da suka fi ka kuɗi da lauyoyi sun bi wannan hanya. A Amurka, FedEx ya daɗe yana kiran direbobinsa na kai kaya 'yan kwangila, har su ke sayen motocinsu da kansu. Amma kamfanin ne ke faɗa musu irin motar da za su tuƙa, da tufar da za su sa, har da yadda za su gyara gashinsu. A 2014 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce ma'aikata ne, a 2015 kuma kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 228 don sasantawa da direbobi kimanin 2,300 a jihar Kalifoniya. Ka lura, su motocin ma nasu ne, kai kuwa baburan naka ne.

Wanda ya fi kama da abin da kake shirin yi shi ne kamfanin Dynamex, shi ma na kai saƙo. A 2004 ya wayi gari ya mayar da direbobinsa daga ma'aikata zuwa 'yan kwangila don rage kashe kuɗi, alhali aikin bai sauya ba. Ƙarar ta kai kotun ƙolin Kalifoniya, wadda a 2018 ta ce duk wanda ke yi wa kamfani aiki ma'aikaci ne, sai in kamfanin ya tabbatar da abu uku a haɗe: ba ya juya mutumin wajen yadda yake aiki, aikin da yake yi ba shi ne ainihin sana'ar kamfanin ba, sannan mutumin yana da tasa sana'ar mai zaman kanta. Sharaɗi na biyun nan ne ke kayar da masu irin kasuwancinka. Idan ka kira mai gyaran wuta ya gyara maka ofis, wannan ɗan kwangila ne, domin kai ba gyaran wuta kake sayarwa ba. Amma kamfanin kai saƙo ya ce mai kai saƙon ba ma'aikacinsa ba ne, to me ya rage na kamfanin?

A Birtaniya, kotun ƙoli ta yanke wa Uber, kamfanin motocin haya da ake kira ta manhajar waya, hukunci a Fabrairun 2021 cewa direbobinsa ba masu zaman kansu ba ne. Abubuwan da ta lissafa sun cancanci ka karanta su kana duba kanka: kamfanin ke tsayar da kuɗin mota, shi kaɗai ya rubuta sharuɗɗan aiki, yana hukunta direban da ya yawaita ƙin ɗaukar fasinja ta hanyar rufe masa manhaja na ɗan lokaci, yana amfani da makin da fasinjoji ke bayarwa wajen korar direba, kuma ya hana direba ƙulla hulɗa ta kansa da fasinja. Bayan wata guda kamfanin ya fara bai wa direbobi sama da 70,000 mafi ƙarancin albashi da kuɗin hutu da fansho. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Ba kullum kamfani ke faɗuwa ba, kuma adalci ne in faɗa maka. A 2023 wannan kotun dai ta goyi bayan Deliveroo, saboda masu kai masa abinci suna da damar turo wani ya yi aikin a madadinsu, suna iya ƙin aiki ba tare da horo ba, suna kuma iya yi wa abokan hamayyarsa aiki. 'Yancin na gaske ne, shi ya sa ya tsaya a gaban alƙali. Ka tambayi kanka ko za ka yarda yaronka ya miƙa babur ɗinka ga wani da ba ka sani ba, shi ya tafi yi wa wani kamfani aiki. In amsar a'a ce, ka riga ka san matsayinsa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne lissafin kuɗin. Wanda ya ba ka shawara ya nuna maka abin da za ka rage a wata, bai nuna maka cewa bashi ne kake tarawa ba. Ranar da kotu ta ce ma'aikata ne, baya ake komawa: ariyas ɗin hutu, kuɗin ƙarin lokaci, kason fansho da ba a zuba ba, harajin da ya kamata ka cire ka miƙa wa hukuma, ga tara, ga kuɗin lauya. Kuma da wuya ƙarar ta tsaya kan mutum ɗaya, domin da zarar ɗaya ya yi nasara sauran suna da hujja iri ɗaya. Sau da yawa hatsari ne ke fara tono zancen. Mai babur ya karye, iyalinsa suka zo neman kuɗin asibiti, aka nuna musu takarda. Mutumin da ke fita cikin rana da ruwan sama yana ɗauke da sunan kamfaninka a bayansa bai cancanci a yi masa haka ba, ko da doka ta yi shiru.

Hanya biyu ce a gabanka, kuma kowacce halas ce. Ko dai ka ɗauke su aiki sosai, ka lissafa albashi da fansho da inshorar hatsari, ka shigar da kuɗin cikin farashin da kake cajin masu aiko da saƙo. Ko kuma ka sake su da gaske: su zo da baburansu, su zaɓi lokacinsu, ku yi cinikin farashi, su kawo maka rasit ɗinsu, su yi wa wanda suka ga dama aiki. Kana ma iya haɗawa, 'yan kaɗan na dindindin a kan albashi, sauran kuma masu zaman kansu da kake kira in aiki ya yi yawa, muddin ba ka riƙa juya rukunin biyu iri ɗaya ba.

Dokar ƙwadago ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka kafin ƙarshen watan nan ka nemi lauyan da ya ƙware a wannan fanni. Kada ka kai masa takardar kawai. Ka tafi da jadawalin aiki, da saƙonnin da kake tura wa yaran ta waya, da bayanin yadda kake biyansu da yadda kake hukunta wanda ya makara, domin waɗannan ne lauyan ɗaya ɓangaren zai fara nema.