Amsa ga ɗan'uwan da ya yi tambaya kan tumbi, ƙwayoyin hanji da zuciya

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce nauyinka kilo 110, awon jininka 155/95, likita ya ce kitse ya yi yawa a jini, ga kumburin ciki kullum, sannan wani ya ce maka ƙwayoyin hanji ne, ka nemi maganin wankin ciki. Wallahi da na karanta jikina ya yi sanyi, don jirgi ɗaya ne ya kwaso mu, mu da yawa a nan Legas.

Maganar ƙwayoyin hanji gaskiya ce. Wankin cikin ne yaudara. Babban hanji cike yake da bakteriya, kuma abincinsu shi ne abin da cikinmu bai iya narkarwa: dusar gero da dawa, ɓawon wake, zaren ganye. In sun samu, sai su fitar da sinadaran da ke ciyar da bangon hanji. In kuwa kullum burodin Agege ne da shayi mai kauri da safe, taliyar leda da daddare, bakteriya masu amfanin sai su ƙaranta, bangon ya yi rauni, gubar bakteriya ta riƙa tsiyaya cikin jini kaɗan-kaɗan. Jiki ya shiga kumburin ɓoye, ba zazzaɓi, ba ciwo. Kitsen tumbi kuma ƙara rura wutar yake.

Daga nan ake samun abin da zan kira tsatsar jini. Ka ga yadda iskar teku ke cin kwanon rufi a garin nan? Haka wasu sinadarai masu zafi ke lalata mugun kolestarol, wato mugun kitsen jini, har ya maƙale a bangon jijiyar jini, suna kuma cinye sinadarin da ke sa jijiya ta saki. Jijiya ta ƙage, jini ya hau, zuciya ta yi ta dakon da ya fi ƙarfinta. A 2011 ma ayarin Dakta Stanley Hazen na Cleveland Clinic a Amurka ya nuna bakteriyar hanji na sarrafa wani abu da ke cikin nama da ƙwaiduwa, hanta ta mai da shi wani sinadari da ake kira TMAO, wanda yawansa ke tafiya da toshewar jijiyoyi. Ba a ce ka daina nama ba, amma tsire da balangu kowane dare ya yi yawa.

Masu sayar da maganin wankin cikin nan su ne ke ci mini rai. Mutum ya kafa lasifika a bakin tasha, jarka ɗaya wai tana maganin basir, tumbi, hawan jini da sanyi. Yawancin shayin rage ƙiba gudawa kawai yake sa ka. Ruwa ne ke fita, ba kitse ba, kuma yana tafiya da sinadarin fotasiyam wanda bugun zuciya ya dogara da shi. Mafi muni, su ce wa bawan Allah ya ajiye ƙwayar asibiti tunda ya "wanke". Shi hawan jini ba ya sallama. Magidanci ya tashi alwalar asuba, buta ta suɓuce daga hannunsa, baki ya karkace, harshe ya yi nauyi. 'Yan'uwa su yi karo-karo a sa shi a mota zuwa Arewa, iyali a bar su da kuɗin haya. Mai lasifikar kuwa ya koma wata tashar. Allah ya isa! Don girman Allah kada ka daina maganin da likita ya ba ka. Haka shan Flagyl da ampiclox duk sanda ciki ya murɗa, bakteriya masu amfanin yake kashewa.

Kumburin cikinka kuwa, kada ya hana ka wake. Jiƙa shi ya kwana, zubar da ruwan, dafa shi lugub ba kanwa, don kanwa dangin gishiri ce. Fara da ludayi ɗaya, ka riƙa ƙarawa. Makon farko za ka sha fama da iska a ciki, daga baya ya lafa. Tuwon dawa ko acha ya maye gurbin farar shinkafa, da miyar kuka, kuɓewa, zogale ko ugu, duk akwai su a kasuwar Mile 12. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce giram 400 na ganye da kayan marmari a rana, gishiri ƙasa da giram 5, wato ƙaramin cokali, har da wanda ke cikin dunƙulen magi. Kindirmo ba sukari ya fi maka ƙwayoyin furobayotik masu tsada, wato bakteriya masu amfani da ake sayarwa a matsayin magani. Ƙwayar bitamin E ma an gwada ta a manyan bincike, ba ta rage ciwon zuciya ba. Man da aka yi ta suya da shi har ya yi baƙi, guje shi. Lemon kwalba na 50cl kuwa, sukarinsa ya haura cokalin shayi 10.

Sayi tef na tela ka auna ƙugu: namiji kada ya wuce santimita 94, mace 80. Ko kilo 6 zuwa 11 ka sauke cikin wata shida, za a ga canji a jininka. Tafiya minti 30, kwana biyar a mako. Sauka daga danfo tasha biyu kafin taka. A gwada maka sukari da ƙoda ma.

In ka ji nauyi a ƙirji yana sauka hannun hagu, ko numfashi na yankewa in ka kwanta, ko ƙafa ta kumbura, kada ka jira gari ya waye. A kira lambar gaggawa 112 ko 767, ko a wuce da kai asibiti mafi kusa. Allah ya ba ka lafiya, Malam.