Na sabunta WordPress, shafina ya ƙi buɗewa

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, ina da shafin girke-girke da aka gina mini a kan WordPress, manhajar gina shafukan intanet. Jiya na danna sabunta fulogin (ƙananan manhajojin da ake ƙara wa shafi) da yawa lokaci guda, ana cikin yi data ta ƙare. Da farko ya rubuta cewa ana gyara, yanzu kuma yana cewa an samu babbar matsala. Yaron da ya haɗa mini shi ba ya ɗaga waya. Wallahi na gaji. Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Hajiya, kwantar da hankalinki. Rubuce-rubucenki suna cikin rumbun bayanan shafin, wannan matsalar ba ta taɓa su ba.

Duk lokacin da WordPress zai sabunta wani abu, yakan ajiye wani ɗan fayil mai suna .maintenance, shi ne ke sanar da baƙi cewa ana gyara. Bayan minti 10 yakan daina kula shi. Abin da ya rage miki shi ne fulogin da aka katse a tsakiya, rabinsa sabo rabinsa tsoho.

Fara da duba imel ɗin da aka buɗe shafin da shi, har da akwatin saƙonnin banza. Tun fitowar WordPress 5.2 a 2019, yakan turo saƙo ɗauke da sunan fulogin da ya jawo rikicin, da wata mahaɗa ta musamman da za ki shiga ki kashe shi. In imel ɗin na yaron nan ne, to sai ki shiga cPanel, wato wurin sarrafa fayilolin shafi, na kamfanin da ke ajiye miki shafin. Buɗe File Manager, ki bi public_html zuwa wp-content, za ki ga folda mai suna plugins. Canja mata suna, misali plugins2. Nan take duk fulogin za su mutu, ki samu shiga. Ki leƙa sashen fulogin a cikin WordPress tukuna, sannan ki mayar wa foldar sunanta, ki riƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya sake rushe shafin, shi ne mai laifin: goge shi ki sauke sabo.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ya haɗa shafin. Da yawa sukan saka fulogin na kuɗi da aka fasa aka raba kyauta, kuma irin waɗannan sukan zo da ɓoyayyiyar ƙofar da masu kutse ke bi. Duk wanda kika ga ba kya amfani da shi, cire shi gaba ɗaya, kashewa kawai ba ta wadatar ba. Ki kuma tabbata imel da kalmar sirrin cPanel suna hannunki.

Kafin sabuntawa ta gaba, saka fulogin mai suna UpdraftPlus ya riƙa tura kwafin shafin zuwa Google Drive, kuma ki yi aikin a kwamfuta lokacin da intanet ke da ƙarfi, fulogin ɗaya a kowane zagaye.