Amsar tambaya kan zanen jatan landen nan

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanwata, na ji tambayarki tun da safe, wai me ya sa ake zuzuta wannan zanen jatan lande da aka saka mana, alhali baƙar tawada ce kawai a farar takarda. To bari in ba ki amsa, ki yi haƙuri in na ɗan ja.

Mai zanen sunansa Qi Baishi, mutumin Xiangtan ne a lardin Hunan na ƙasar Sin, an haife shi a 1864. Iyayensa manoma ne talakawa, shi kuma ba shi da ƙarfin jikin noma, sai aka kai shi koyon kafinta, yana sassaƙa furanni a jikin katako. A gidan wani da ya je yi wa aiki ya ga tsohon littafin koyon zane, ya aro, ya zauna ya kwafe shi shafi bayan shafi.

Sai da ya haura hamsin ya koma Beijing, kuma da farko ba a sayen aikinsa. Abokinsa Chen Shizeng ne ya ce masa ya daina bin sawun na da, ya nemi hannunsa na kansa. Wallahi wannan wurin yana taɓa ni, dattijo ya yarda ya sake koyo. Ya koma yin jan fure da baƙin ganye. A 1922 Chen ya kai zanensa baje koli a Tokyo, aka saye, sunansa ya fito.

Yanzu ki buɗe hoton, ki ƙara masa girma. Kin ga jikin jatan landen kamar ana hango cikinsa? Tawada ce aka surka da ruwa. A kai kuma ya ɗiga mai kauri tun ta farko ba ta bushe ba, sai ta ɗan naso. Gashin bakin nan dogo, sau ɗaya ya ja burushi ya yi shi. Takardar tana shanye tawada nan take, babu gogewa, babu gyara. Ki lura bai zana ruwa ba ko kaɗan, amma kin san a ruwa suke. Shekaru ya yi yana ajiye masu rai a kwano yana kallonsu, har ya rage musu ƙafafu a zane da gangan don su fi motsi a ido. Abin da yake cewa shi ne zane ya tsaya tsakanin kama da rashin kama: in ya cika kama an bi son 'yan kallo, in bai yi kama ba an yaudari mutane.

Rubutun da ke gefe ma nasa ne, da burushin da ya yi zanen, don a wurin mutanen Sin rubutu da zane tushensu ɗaya. Jan hatimin nan na ƙasa shi ya sassaƙa shi a dutse, hannun kafinta bai tafi ba. Shi da kansa, cikin fasahohinsa, waƙa ya sa a gaba, sai hatimi, sai rubutu, zane ne na ƙarshe.

Ya rasu a Beijing a 1957. A 2017 an yi gwanjon wasu zanensa goma sha biyu na duwatsu da ruwa a kan yuan, kuɗin ƙasar Sin, miliyan 931.5. Akwai na kaguwa da na 'yan tsaki a wayata, zan turo miki bayan Isha'i in Allah ya yarda.