Amsa kan littattafan annoba na farko, da wanda ya kamata a fara da shi

Assalamu alaikum. Malam, ka tambaya ko gaskiya ne akwai wani tsohon ƙagaggen labari da ya hango zuwan korona, sannan ka nemi sanin littattafan da suka fara kawo labarin annobar da ta share jama'a har birane suka zama kufai, da kuma wanda ya dace ka fara karantawa. Na daɗe ina koyar da adabin Ingilishi a makarantar sakandare, na karanta uku daga cikin irin waɗannan littattafai, ɗaya kuma na karanta shi tare da ɗalibaina, don haka ga abin da na gani.

Maganar hangen korona ba ta da tushe. Ɗaya daga cikin littattafan da ake jingina wa wannan magana shi ne The Scarlet Plague na marubucin Amurka Jack London, wanda ya fara fitowa a mujalla a 1912, aka buga shi littafi a 1915. Ya sa annobarsa a shekarar 2013, ya kuma ce mutanen duniya sun kai biliyan 8 a ƙidayar 2010, adadin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce an kai a Nuwamban 2022. Wannan kusancin ne ke ruɗar mutane. Amma cutar da ya kwatanta ba ta yi kama da korona ko kaɗan ba: fuska ta yi jawur, ƙafafu su mutu, mutuwar jikin ta yi ta hawa har ta kai zuciya, mutum ya cika cikin sa'a guda ko ƙasa da haka. London ya rubuta abin da zamaninsa ya nuna masa ne. Annobar da ƙuman ɓeraye ke yaɗawa ta shiga birnin San Faransisko a 1900, girgizar ƙasa da gobara suka cinye birnin a 1906, shi kuma ya je ya gani da idonsa ya rubuta rahoto. Ya rasu a 1916, bai ma ga annobar murar 1918 ba.

Duk da haka da shi nake ba ka shawarar farawa, domin gajere ne, ana iya gama shi a zama biyu, kuma a cikinsa ne ainihin damuwar irin wannan adabi ta fi fitowa fili. Labarin yana faruwa a 2073, shekara 60 bayan annobar. Wani tsoho mai suna James Howard Smith, wanda a da farfesan adabi ne a Jami'ar Kalifoniya, yana zaune a bakin teku da jikokinsa uku, masu sanye da fatu suna kiwon awaki, yana ƙoƙarin ba su labarin duniyar da ta wuce. Yaran ba su iya ƙidaya mai nisa ba, sai ya riƙa ɗaukar ƙwayar yashi da tsakuwa da ɓawon kaguwa yana nuna musu ɗari da dubu da abin da ya fi haka. Da ya ce ƙwayoyin cutar ƙanana ne har ido ba ya ganinsu, sai suka yi masa dariya, domin a wurinsu abin da ba a gani babu shi. Suna miƙa masa abinci mai zafi ya ƙone baki su yi ta ƙyaƙyatawa, suna tono ƙasusuwan waɗanda annobar ta kashe suna cire haƙora don yin abin wuya. Tsohon ya ɓoye littattafai a wani kogo, amma babu ko ɗaya cikin zuriyarsa da ya iya karatu.

Lokacin da muka karanta wannan sashe a aji, ɗalibai sun fara ne da goyon bayan yaran, suna cewa tsohon ya cika surutu da kuka. Sai wani yaro da ba ya yawan magana ya ɗaga hannu ya ce kakansa marini ne, ya san yadda ake haɗa baba da toka har ruwan karofi ya nuna, kuma duk gidansu babu wanda ya tsaya ya koya, shi ma da kakan ya fara bayani sai ya nemi hanyar fita. Daga nan muhawarar ta bar cutar ta koma kan yadda sani ke yankewa tsakanin kaka da jika, kuma a ganina nan ne littafin ya dosa. Akwai kuma batun matsayi. Wani direba mai mugun hali ya tsira, ya mallake Vesta Van Warden, matar ɗaya daga cikin attajiran da ke mulkin Amurka a labarin, yana dukanta yana sa ta aikin wuta, farfesan kuma yana kallo ba shi da ƙarfin hanawa. Sai dai ka karanta da lura, domin tsohon yana yawan kwatanta talakawan birni da dabbobi, ko da yake shi da bakinsa ya amsa cewa masu mulki ne suka mallake ƙasa da injuna suka bar masu noma musu abinci da ɗan abin da zai hana su mutuwa.

Wanda ya riga shi da nisa shi ne The Last Man na Mary Shelley, marubuciyar Ingila, wanda ya fito a 1826 cikin juzu'i uku, kuma shi ake yawan ɗauka a matsayin na farko da annoba ta ƙarar da ɗan Adam a cikinsa. Ban ba ka shawarar farawa da shi ba. Juzu'in farko kusan duka soyayya ce da siyasar Ingilar da ta sauke sarki ta zama jamhuriya, annobar ba ta kankama sai a juzu'i na biyu, inda ta ɓullo a yaƙin da ake yi a Istanbul. A zamaninta ba a tabbatar da cewa ƙwayoyin cuta ne ke kawo ciwo ba, shi ya sa annobarta a iska take tafiya, babu killacewar da ke tsayar da ita. Abin da ke riƙe mai karatu shi ne baƙin cikin da ke ƙarƙashin rubutun. Kafin ta rubuta shi ta binne 'ya'yanta uku, mijinta Percy Shelley ya nitse a teku a Italiya a 1822, abokinsu Byron ya rasu a Girka a 1824, kuma manyan taurarin labarin biyu a kan waɗannan mazaje ta gina su. Mai ba da labarin, Lionel Verney, ya ƙare shi kaɗai a birnin Rum yana rubuta tarihin da bai san ko akwai mai karantawa ba. Masu sharhin lokacin sun yi wa littafin kaca-kaca, bayan wani bugu a Amurka a 1833 ya kwanta har 1965 kafin a sake buga shi.

Na ukun, Earth Abides na George R. Stewart, ya fito a 1949, kuma shi ne ya fi su tsari a wurina. Stewart ya bi abin daki-daki: yadda wutar lantarki ta ci gaba da zuwa na wani lokaci ba tare da ma'aikata ba kafin ta dushe, yadda tururuwa da ɓeraye suka yi yawa sannan suka ragu, yadda famfo ya ƙafe bayan shekaru saboda ba wanda ya gyara bututu. Tauraronsa Ish ya buɗe wa yara makaranta, ya ɗora burinsa a kan ɗansa Joey mai kaifin ƙwaƙwalwa, sai zazzaɓin taifot ya ɗauke yaron. Daga nan ya haƙura da koyar da karatu, ya koya musu sassaƙa baka da kibiya, domin ya san harsashin da suke tsinta a shaguna zai ƙare. Gudumar da yake yawo da ita kuwa jikokinsa suka mayar da ita abin tsoro da girmamawa. Wannan hukunci na Ish ya fi kukan tsohon da ke littafin London nauyi a zuciyata, duk da cewa har yau ban gama yarda da cewa ya yi daidai da ya rufe makarantar ba.

Saboda haka ka fara da London, ka bi da Stewart, ka ajiye Shelley sai ka samu hutu mai tsawo da haƙurin tsohon Turanci. Na London da na Shelley sun fita daga haƙƙin mallaka, ana samunsu kyauta a intanet a rumbun Project Gutenberg. Na Stewart kuwa sai dai ka saya ko ka ara. Idan da yara za ka karanta na London, ka fara duba wurin da aka ba da labarin Vesta, domin akwai duka da wulaƙanci a ciki da za su buƙaci ka yi musu bayani.